Ƙanƙarar Da Lazhar Ya Sayo A Kasuwa

A shekarar da ƙanƙara ta zuba a Ain Hajla, gona ɗaya tak ta tsira, kuma Allah cikin ikonsa ya sa ta Lazhar ce. Da ta wani ce mai hankali, da ya gode wa Allah ya ja bakinsa ya yi shiru, ya riƙa bi ta bayan gidaje don kada ya haɗa ido da waɗanda suka yi hasara. Lazhar ba irin wannan ba ne. Mutum ne wanda idan kazarsa ta yi ƙwai sai ya zagaya gari da labari, kafin ya kai ƙarshen layi ƙwan ya zama na jimina.

Da rana tsaka ƙanƙarar ta zo, lokacin alkama ta fitar da kai amma ba ta nuna ba. Ta biyo kwari ta kwantar da komai, ta farfasa tagogin makaranta, ta kashe wa wata tsohuwa agwagi. Gonar Lazhar tana bayan tudu. Hadarin ya zo dab da ita ya karkata, ko zangarniya ɗaya bai taɓa ba.

Washegari maza suna zaune jugum a shagon gahawa, babu mai ko taɓa karta, sai ga Lazhar ya shigo da jar hularsa a karkace, ya ja kujera tsakiya.

"Ƙanƙara ma ta san manya," in ji shi. "Ta zo bakin gonata ta tsaya, ta duba, ta ce a'a, wannan ta Si Lazhar ce. Ta juya."

Balƙasim, yayan matarsa, wanda ya rasa gonarsa kaf, tumaki kaɗai suka rage masa, ya ɗago kai.

"Ta bar maka saƙon gaisuwa, ko sauri take yi?"

"Yi ta ba'a, suruki. Ba sa'a ba ce, iri ne. Irin kakana ne. Karansa kamar ƙarfe. Ko duwatsu aka zubo daga sama, alkamata sai dai ta kakkaɓe kafaɗa."

"Jiya ka ce ƙanƙarar ba ta taɓa ta ba."

"Ta taɓa ta mana. Tsalle ta riƙa yi tana komawa."

Bai tsaya a shagon gahawa ba. Ya gaya wa direban motar haya, ya gaya wa wanzami, ya gaya wa baƙi a kasuwar mako waɗanda ba su tambaye shi ba. Har wani mai sayar da tukwane daga wata jiha ya ce masa, don Allah ya saya ko ya matsa.

Ana nan, ranar Juma'a bayan an idar da salla, Umda Si Tahar, mai garin, ya miƙe a ƙofar masallaci ya ce gwamnati ta ji abin da ya faru. Za ta biya kowane manomi da ƙanƙara ta yi wa ɓarna. Kwamiti zai zo daga gunduma ya duba gona-gona da idonsa.

Fuskokin mutane suka ɗan saki. Fuska ɗaya ce ta haɗe. Lazhar ya sa takalmansa bai yi wa kowa sallama ba, ya nufi gida.

Ya tarar da matarsa Mabruka a tsakar gida tana wanke manyan tuluna. Kowane rani mata sukan taru gida-gida su murza kuskus na shekara, su turara, su shanya a kan rufi, a cika tuluna, shi za a ci har wata kaka. Bana kuwa gidan Mabruka ne kaɗai ke da alkamar da za a murza, kuma ta riga ta gaya wa maƙwabta mata cewa ba za ta ci ita kaɗai ba.

"Ke, ajiye tulun nan ki ji," in ji Lazhar. "Za a raba kuɗi a garin nan, kowane malalaci ya samu, ni a tsallake ni."

"An tsallake ka tun ranar ƙanƙara. Ka ce alhamdu lillahi."

"Na ce. Amma sau biyu zan ci. Zan kwantar da alkamar, kwamiti ya zo ya gani ya biya ni. Idan sun tafi ta miƙe, in girbe abina."

Mabruka ta dube shi daga hula har takalmi.

"Wa ya gaya maka alkama tana jin magana? Ka ce kwanta ta kwanta, ka ce tashi ta tashi?"

"Tawa tana ji."

"Lazhar, abincin gidan nan ne a tsaye a gonar can. Ka bar shi a tsaye."

"Harkar gwamnati ba ta mata ba ce. Ni na zauna a Tunis."

Kwana ya yi a Tunis, a tashar mota, shi ma don ya rasa motar dawowa. Amma ya fi shekara ashirin yana cin albarkacin wannan kwanan.

Da safe Mabruka ta dawo daga ɗebo ruwa ta tarar gidanta a hangame, babu ƙyaure. Kajin maƙwabta sun shiga har ɗakin girki. Lazhar ya cire ƙyauren, ya ɗaura masa igiya, ya ɗaure a wuyan alfadarinsa, ya ja su zuwa gona. Dabararsa ita ce ya tsaya a kan ƙyauren kamar mai jirgin ruwa, alfadari ya ja, alkama ta kwanta a hankali ba tare da ta karye ba.

A kan hanya ya haɗu da Balƙasim yana kora tumaki.

"Ina za ka da ƙyauren ƙanwata?"

"Gara ce ta kama shi. Zan shanya."

"A bayan tudu? Ranar ƙofar gidanku ta ƙare ne?"

Lazhar ya isa gona, ya hau ƙyaure, ya gyara tsayuwa, ya daka wa alfadari tsawa. Alfadarin tsoho ne, bai taɓa gudu ba tun da aka saye shi. Amma da ya ji wani abu yana ƙara a bayansa yana binsa, sai ya tuna ƙuruciya. Ya zabura. Lazhar ya zauna daɓas a kan ƙyaure ya rungume mariƙin ƙofa. Suka ratsa gonar a karkace, suka fita ta shinge, suka gangara tudu, suka wuce gaban shagon gahawa. Maza suka miƙe da kofuna a hannu suna kallo. A bakin magudanar ruwa alfadarin ya tsaya cak, ƙyaure ya tsaya, Lazhar ne kaɗai bai tsaya ba.

Aka tsamo shi daga taɓo. Umda Si Tahar ya miƙa masa hularsa da kan sanda.

"Si Lazhar, mun gane inda ka dosa," in ji shi. "Ka san al'adar garin nan. Ba a kai ɗan gari ƙara gaban baƙo, tun zamanin kakanni. Idan kwamiti ya zo, ba mu gani ba, ba mu ji ba. Amma kada ka ce mu rantse maka."

"Wa ya ce ku rantse? Bakinku kawai za ku riƙe."

"Namu mai sauƙi ne," in ji Balƙasim.

Bayan kwana biyu Lazhar ya ɗingisa zuwa gona. Layin da ƙyaure ya bi ya miƙe tsaf, kamar ba a taɓa shi ba. Ya tsaya yana kallo, haushi na cinsa, daɗi kuma na cinsa. Da ƙyar ya hana ƙafafunsa kai shi shagon gahawa ya ce kun ga iri.

Sai Umda ya ba da sanarwa cewa kwamiti zai zo ranar kasuwa, kafin azahar. Lazhar ya ce to, yanzu za a ga aikin ƙwaƙwalwa. Da sassafe ya je wurin mai kifi, wanda ke zuwa da mota daga bakin teku kowane mako, ya ce ba kifi yake so ba, ƙanƙarar da ke ƙarƙashin kifin yake so, duka.

"Duka, Ammi? Kifina fa?" in ji mai kifi. Ammi, wato baffa, haka suke kiran dattijo.

"Kifi ya mutu, me zai yi da sanyi?"

Ya biya da kuɗin da Mabruka ta tanada na niƙa. Aka loda masa buhuna a kan alfadari, ɗaya ya saɓa a kafaɗa, ruwan kifi yana bin bayansa har cikin wando. Ya biya ta gida ya ɗauki guduma.

Mabruka ta toshe hanci da gefen mayafi.

"Mene ne wannan?"

"Hujja. Zan farfasa in watsa a gona. Su zo su ga ƙanƙara da idonsu."

"Ƙanƙarar da ta zuba tun makonnin baya, ita ce za ta zauna cikin rana tana jiran gwamnati?"

"Ba ki san mutanen ofis ba. Ba su san lokacin shuka ba balle na narkewa. Abin da idonsu ya gani shi suke rubutawa."

Ya farfasa, ya watsa, ya koma gefe ya duba aikinsa ya yaba. Ya sa tsohuwar alkyabbar da ake rufe alfadari da ita lokacin sanyi, ya zauna a kan dutse ya tallafe haɓa, yana gwada fuskar wanda ya yi hasara. Rana ta ɗaga. Ya duba hanya, ba mota. Ya duba gona, ƙanƙara ta fara ƙyalli. Aka kira azahar, ba mota. Kafin la'asar babu ko ƙwaya ɗaya, sai laima da wari. Kwamitin, aka ce, tayarsu ce ta fashe a wani ƙauye, sun koma.

Waɗanda suka amsa gayyata su ne kyanwoyi. Ta farko baƙa ce, ta limami. Sai ta gidan Umda, da 'ya'yanta. Kafin a jima duk wata kyanwa da ke Ain Hajla da ƙauyen da ke maƙwabtaka ta hallara a gonar Lazhar, suna kutsawa cikin alkama suna neman kifin da hancinsu ya yi musu alkawari. Da ba su samu ba suka kama faɗa da juna. Lazhar ya bi su da sanda, suka watse, suka zagayo suka biyo shi, don shi ya fi gonar wari. Haka ya shigo gari da jerin kyanwoyi a bayansa kamar mai kai amarya.

Da magariba limami ya ja shi gefe a hankali.

"Si Lazhar, sahun baya ma sahu ne. Kusa da ƙofa akwai iska."

Mabruka ta ajiye masa abinci a waje, tare da sabulu. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Kuɗin niƙa ya tafi, Allah ya mayar. Alkamar tana nan. Ka tsaya haka, na roƙe ka."

Da ya tsaya haka, da an yi dariya an manta. Amma mutum irin Lazhar, dariyar mutane ba ta koya masa komai, sai dai ta ƙara masa wuta. Ga kuma Balƙasim da ba ya iya ganin wuta bai hura ba.

"Suruki, aikinka ya yi kyau," ya ce masa a shagon gahawa, bayan ya matsar da kujerarsa nesa. "Sai dai ɓauren da ke tsakiyar gonarka. Dubi namu, ƙanƙara ta yayyaga ganyen kamar tsumma. Naka kuwa ganyensa lafiya lau kamar an goge. Makaho ma zai gane."

Da wasa ya faɗa. Lazhar ya ɗauka da gaske. Ya hau ɓauren da gora, ya yi ta jibga har ganye ya rufe ƙasa, tare da 'ya'yan ɓauren da Mabruka ke busarwa kowace shekara don azumi. A reshe na sama akwai gidan zanzaro. Bai gan shi ba sai da ya doke shi. Saukowarsa ba ta ɗauki lokaci ba.

Ya kwana biyu ido ɗaya a kumbure. Balƙasim ya zo dubiya, ya tsaya daga bakin ƙofa, inda ƙyauren da aka mayar yake rataye a karkace.

"Yanzu kam ka yi kama da wanda ƙanƙara ta daka. Ka nuna musu fuskar kawai, ka bar gonar."

"Ba ni aron tumakinka."

"Me za ka yi da su?"

"Su ratsa gonar da gudu, daga wannan gefe zuwa wancan. Sau ɗaya. Su tattake ta ta kwanta sosai."

"Tumaki? Cikin ɗanyar alkama? Da gudu?" Balƙasim ya daina dariya. "Lazhar, ban ba ka ba. Abincin ƙanwata ne. Wasa ya ƙare."

Umda ya sake sanarwa cewa kwamiti zai zo gobe, wannan karon tabbas. Lazhar ya jira har rana ta take, lokacin da duk mai hankali a Ain Hajla yake kwance yana ƙailula. Ya lallaɓa garken Balƙasim ya zare sakata. Tumakin sun daɗe ba su ƙoshi ba, don ƙanƙara ta cinye makiyaya. Ya kora su bayan tudu, ya buɗe shinge, ya ja numfashi, ya ɗaga sanda.

"To, a guje."

Tumakin suka shiga taku uku, suka sunkuyar da kai. Ba wadda ta ƙara motsi sai baki.

Ya daka tsawa. Ya buga sanda a ƙasa. Ya yi haushin kare. Ya kama babban ragon ta ƙaho yana ja, ragon ya ja baya ya auna shi ya tura shi cikin alkama, ya ci gaba da ci. Ya kori na gabas, na yamma suka ƙara shiga ciki. Yana cikin haka awakin wata bazawara suka ga shinge a buɗe suka shigo, sai saniyar wanzami, sai jakin mai gahawa. Alfadarinsa ma, da ya ga kowa na ci, ya tsinke igiya ya shiga layi.

Kukan dabbobi ne ya tashi gari. Mutane suka fito a guje, kowa na neman nasa. Kafin a fitar da na ƙarshe, abin da baki bai ci ba ƙafa ta tattake. Gonar da ta gagari hadari ta koma kamar filin ƙwallo.

Mabruka ta zo daga baya. Mutane suka dare mata. Ta tsaya a bakin shinge ta daɗe tana kallo. Ta sunkuya ta ɗauki zangarniya ɗaya da aka taka, ta kakkaɓe ta, ta ɗaure a gefen mayafinta. Babu wanda ya yi dariya a lokacin, har Balƙasim.

"Na wanke tuluna," ta ce. Ta juya ta tafi.

Lazhar ya share gumi, ya dubi jama'a da idonsa ɗaya mai gani.

"To, yanzu dai ba mai cewa ba a yi mini ɓarna ba. Kuɗin da za su biya ni sai ya sayi gona biyu irin wannan."

Washegari kwamiti ya zo da gaske. Shugabansu wani dattijo ne siriri mai suna Si Munsif, da malafa da tabarau, wanda ka gan shi ka san ya gaji da ganin gonakin da suka lalace. Ya bi kwari gona-gona, Umda na gefensa, rabin gari na biye. Ya duba, ya tambaya, ya rubuta. Da suka zagayo bayan tudu suka tarar da Lazhar a kan dutsensa cikin alkyabbar alfadari, ya tallafe haɓa, kyanwa biyu na zaune a gefensa.

"Sannu da hasara, Ammi," in ji Si Munsif.

"Sai haƙuri, Si Munsif. Ƙanƙara ta gama da ni. Dubi idona ma."

Si Munsif ya shiga gonar. Ya shaƙi iska, ya tsaya, ya sake shaƙa. Ya duba ƙasa. Ya ɗaga takalminsa ya duba abin da ya taka.

"Ƙanƙarar nan taku da kofato ta zo?"

Umda ya ɗaga kai yana nazarin sama. Limami ya shiga jan carbi. Balƙasim ya sunkuya yana gyara takalmin da ba abin da ya same shi.

"Kuma teku ya taɓa zuwa nan?"

Shiru. Mutanen Ain Hajla sun riƙe al'adarsu tsaf, ko tari babu wanda ya yi.

Si Munsif ya dubi fuskar Lazhar a kumbure, ya dubi alkyabbar, ya dubi gonar. Ya ɗaga kafaɗa irin ta wanda yunwa ta fara kamawa, ya zaro alƙalami. Saura kaɗan.

"Shi ke nan, ɓarna dai ɓarna ce," in ji Si Munsif, yana neman shafi. Sai ya juya wurin abokin aikinsa. "Ka gani ko? Dama na gaya musu a ofis ƙarya ce. Wai akwai wani mutum a wannan ƙauye mai irin alkamar da ƙanƙara ba ta iya kwantarwa. Labari har gunduma. Mun zagaye gari kaf, ina take? Na ce musu tsaunin nan bai taɓa fitar da alkamar kirki ba. Dubi wannan karan. Ciyawa ce kawai, iska mai ƙarfi ma ta ishe ta."

Umda ya runtse ido. Balƙasim ya ce a hankali, "Suruki, riƙe."

Lazhar ya riƙe. Wuyansa ya kumbura, kunnuwansa suka yi ja. Ya riƙe kamar na tsawon shan kurɓin shayi.

"Ciyawa?" ya ce.

"Na'am?"

"Alkamar tawa ce ciyawa?" Ya miƙe, alkyabba ta faɗi, kyanwoyi suka watse. "Kai, ɗan birni, ka san alkama kuwa? Ƙanƙarar Allah ta zo ta kwantar da garin nan kaf, tawa ko zangarniya ɗaya ba ta faɗi ba. Tambayi kowa a nan. Na cire ƙyauren gidana na hau kai, alfadari ya ja ni a kanta, kwana biyu ta miƙe. Na sayo ƙanƙarar mai kifi, mota guda, na farfasa na zuba mata, ko gezau. Kyanwoyin gari biyu sun yi dambe a cikinta, tana tsaye. Sai da na kawo garken tumaki, da awaki, da saniya, da jaki, da alfadari, suka taru a kanta rana tsaka, sannan ta faɗi. Wannan ce ciyawa? Nuna mini alkama ɗaya a ƙasar nan da za ta jure rabin wannan."

Ya tsaya yana haki, ya dubi jama'a yana jiran a ce haka ne.

Si Munsif ya mayar wa alƙalaminsa murfi a hankali.

"Ashe kai ne."

"Ni ne. Lazhar. Rubuta da kyau."

"Ba abin da zan rubuta, Ammi. Mu na ƙanƙarar sama muke biya, ba ta kasuwa ba." Ya cire tabarau ya goge. "Abin takaicin, an aiko ni da saƙo na biyu. Iri zai yi wuya bana. An ce idan na sami gonar nan da ake labari, in yi cinikin amfaninta tun tana tsaye, a raba wa manoman kwarin nan su shuka baɗi. Farashin iri, ba na ci ba. Har an ce a sa wa irin sunan mai shi."

Bakin Lazhar ya buɗe. "Sunana?"

"Sunanka, a jikin kowane buhu. To, ina alkamar?"

Lazhar ya dubi gabas, ya dubi yamma. Balƙasim ya yi gyaran murya.

"Tana cikin tumakina, Si Munsif. Idan za ka jira zuwa gobe da safe, za su fara mayarwa."

Al'adar garin ta hana a yi magana gaban baƙo, ba ta hana dariya ba. Limami ya jingina da shinge. Umda ya zauna a ƙasa, hawaye na zuba. Direban kwamiti ya shiga mota ya rufe ƙofa, ana ganin kafaɗunsa na rawa. Lazhar ya ɗauki alkyabbar alfadari ya nufi gida ta bayan gari, karo na farko a rayuwarsa da ya bi hanyar da ba mutane. Kyanwoyin ne kaɗai suka raka shi.

Aka biya kowa, ban da shi. Mutane suka sayo alkama daga gari da abin da suka samu. Da lokacin murza kuskus ya yi, Mabruka ta kife tulunanta a bayan ɗaki, ba ta gaya wa kowa komai ba. Sai wata safiya matar Umda ta turo karkataccen ƙyauren ta shigo da ƙwarya cike da alkama. Bayanta bazawara mai awaki, bayanta matar wanzami, bayanta matar limami. Kowace ta juye a kan tabarma ta nemi wuri ta zauna ta naɗe hannun riga.

"Ke kika fara cewa ba za ki ci ke kaɗai ba," in ji matar Umda. "Wannan naki ne. Shi kuma idan kin ga dama ki sam masa."

Mabruka ta sam masa, amma sai da ya yi aikinsa. Shi ya kai niƙa a kafaɗa, shi ya ɗebo ruwa, shi ya hau rufi ya zauna cikin rana yana korar tsuntsaye daga shanya, mata na ƙasa suna tambayarsa ko a kawo masa guduma. Zangarniyar nan ɗaya kuwa ta rataye ta a saman ƙofa, daidai inda dole ya sunkuya ya wuce ta kullum. Aka yi makonni ba a ji muryarsa a shagon gahawa ba. Har wasu suka fara cewa mutumin ya shiryu.

Da layya ta matso Balƙasim ya kai ragunansa kasuwa. Sun yi ƙiba, gashinsu na sheƙi, masu saye suka yi musu rumfa. Yana cikin ciniki sai ya ji wata murya a bayansa da ya sani. Ya juya. Lazhar ne, jar hula a karkace, ya dafa bayan babban ragon nan da ya tunkuye shi, ya tara baƙi.

"Ku taɓa nan ku ji. Kun taɓa ganin rago haka? Wuni ɗaya ya yi a gonata. Wuni ɗaya tak. Irin kakana ne."